Ranar da anka hana mai Airtel shigo da kaya

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, ba zai rasa ganin jan fentin Airtel ba, a kan laimar masu sayar da kati, a jikin kiyos, a bangon shaguna. Amma in anka tambayi mutane wane ne ya kafa kamfanin, da wuya a samu mai amsa. Wasu za su ce Larabawa ne, don sun tuna zamanin Zain. Wasu kuma su ce ai duk irin wannan abin na Turawa ne. To, Ba'indiye ne, sunansa Sunil Bharti Mittal, kuma tun kafin ya san komi game da salula ɗan kasuwa ne mai shigo da kaya daga waje yana sayarwa, sana'ar nan da alhazanmu sunka ƙware a kai. Har ma ya taɓa faɗawa cikin ramin da mu muke yawan faɗawa: ya kwana da kasuwa mai riba, gari ya waye gwamnati ta soke ta. Abin da ya yi bayan wannan rana shi ne muke so mu duba tare da ku, ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata.

An haife shi a 1957 a Ludhiana, wani gari na jihar Punjab a arewacin Indiya, wanda ya yi suna wajen ƙera kekuna da saƙa rigunan sanyi. A 1976, yana ɗan shekara 18, ya ranci rufi 20,000, kuɗin ƙasarsu, a hannun mahaifinsa, ya buɗe ƴar maƙera yana yi wa masu haɗa keke ƙarafa. Bai daɗe ba ya gane abin ba zai kai shi nesa ba. A 1980 ya sayar da maƙerar ya koma Bombay, wadda ake kira Mumbai yanzu, babbar tashar jiragen ruwan ƙasar, ya shiga shigo da kaya shi da ƴan uwansa biyu, Rakesh da Rajan.

Can ne ya samu abin da kowane ɗan kasuwa ke roƙon Allah ya ba shi, wato hajar da kowa ke nema kuma a hannunsa take. Indiya a lokacin tana fama da ɗauke wuta, irin wanda mu ma munka sani a watannin zafi. Kamfanin Suzuki na Japan yana ƙera ƙananan injinan wuta, waɗanda muke kira gurup, Mittal kuwa ya zama mai shigo da su. Kuɗi sunka fara shigowa, ya fara ganin kansa cikin manya. Sai a 1983 gwamnatin Indiya ta hana shigo da gurup gaba ɗaya, ta ba wasu manyan kamfanoni na cikin gida izinin ƙera shi. Shi da kansa ya sha faɗa cewa cikin dare ɗaya ya zama ba shi da kasuwa.

Wane ɗan kasuwar ƙasar nan ne bai ɗanɗana wannan ba? A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Shinkafar da anka saro ta Kwatano don a wuce da ita Jibiya da Katsina ta zauna cikin mangaza, bashi yana hawa, ƙwari suna ci. Yaran mota, ƴan dako, ƴan kamasho, masu sayar da abinci a bakin tasha daga Ɗan Isa har Ƙonni, kowa ya ji a jikinsa. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yuli 2023: iyakar Najeriya ta sake rufewa har farkon 2024, hanyar Kwatano ta toshe, kaya sunka koma zagayowa ta Lome da Burkina da tsadar da kun fi mu saninta. A Oktoba 2024 kuma hukumominmu na gida sunka dakatar da fitar da hatsi waje, in ban da Mali da Burkina. Ba muna nan don mu ce wane ya yi daidai, wane ya yi kuskure ba, kowace gwamnati tana da dalilinta. Muna cewa ne dukan waɗannan shawarwari an yanke su a ofis, da alƙalami, kuma ba a taɓa kiran Alhaji mai tiranzi an ce masa zo ka sa hannu ba. Wanda duk arzikinsa yake kan ɗauko kaya a nan ya kai can, ya sani cewa makullin shagonsa yana aljihun wani.

In irin wannan ta faru, mun san abin da munka saba yi. Wani ya bi ta daji da babur da ƴan buhuna biyu, ran yaran mutane a hannun Allah. Wani ya zauna gindin bishiya yana sauraren rediyo, yana jiran a buɗe. Wani ya bar shinkafa ya koma taliya ko man girki, wato ya canza haja amma bai canza sana'a ba, gobe alƙalamin nan zai sake iske shi inda yake.

Mittal shi ma ya fita neman wata haja, ba wani wahayi ya samu ba. A Taiwan ya ga tarho mai maɓallai, irin wanda ake latsawa. A Indiya kuwa har lokacin tarhon da ake juya lamba da yatsa ake amfani da shi, kuma mutum kan yi shekaru yana jiran gwamnati ta ja masa layi. Ya tabbata in tarho mai maɓallai ya shiga ƙasar, zai ci kasuwa. Sai dai shi ma ba a yarda a shigo da shi a haɗe ba. Maimakon ya tsaya jayayya da doka, sai ya riƙa shigo da kayan cikinsa yana haɗawa a gida, tun daga wajen 1984. Har da ɗan wayon ƴan kasuwa a ciki: ya laƙaba wa tarhon suna Mitbrau don a ji kamar kayan Jamus ne, alhali sunan gidansu ne, Mittal da ƴan uwansa. Masu sayar da atamfa sun san wannan dabara, ba sai mun yi bayani ba. Daga baya ya ƙulla yarjejeniya ta gaske da kamfanin Siemens na Jamus, ya kafa masana'anta, ya fito da tarho mai suna Beetel wanda ya shiga gidaje da ofisoshi a duk faɗin Indiya.

A nan muke so a tsaya a yi tunani. Dokar da ta kashe masa kasuwar gurup, irinta ce ta raya masa kasuwar tarho. Lokacin da yake mai shigowa da kaya, hana shigowa ya zame masa annoba. Da ya zama mai haɗa kaya a cikin gida, hana shigowa ya zame masa katanga, don ba wanda zai kawo na waje ya karya masa farashi. Dokar ba ta canza ba, shi ne ya canza gefen da yake tsaye. A ganinmu wannan shi ne babban abin da ke cikin tarihin mutumin nan, ya fi duk miliyoyin da ake ƙidaya masa.

A 1991 Indiya ta shiga matsin kuɗi, gwamnati ta fara sakin harkokin da ta daɗe tana riƙe da su ita kaɗai. A 1992 anka sa gasar ba da izinin kafa rezon salula a manyan birane huɗu. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne sai mai nema ya zo da abokin da ya taɓa yin aikin. Mittal bai taɓa yi ba, sai ya jawo wani kamfanin Faransa, wanda daga baya anka san shi da sunan Vivendi, sunka shiga tare, ya ci izinin birnin Delhi. A 1995 Airtel ya fara aiki. Kuɗin kafa rezo ya fi ƙarfin gidansu nesa ba kusa ba, don haka ya riƙa yanka kamfanin yana sayar wa baƙi hannun jari: British Telecom ta Ingila ta shigo a 1997, SingTel ta Singafo ta biyo baya, a 2002 kuma ya kai kamfanin kasuwar hannun jari, kowa ya sayi rabonsa.

Wannan ma abu ne da yake yi mana nauyi, kuma gara mu faɗa wa juna gaskiya. Alhaji ya fi son ya mallaki kamyo ɗaya shi kaɗai da ya mallaki rabin kamyo goma tare da wani. Lissafi yana cikin kansa, ko cikin wani ɗan littafi da ba mai iya karanta shi sai shi. Yaron gida ya yi shekara ashirin yana bauta, bai san uwar kuɗi ba, bai san riba ba. Ranar da ta Allah ta kasance, a raba gado bisa shari'a, kowa ya ɗauki nasa, wannan ya sayi mota, wancan ya ƙara aure, bayan shekara uku mangazar da ta ciyar da unguwa ta koma wurin ajiye awaki. Kowa a cikinmu zai iya lissafa gidaje irin waɗannan a garinsu ba tare da ya ambaci suna ba. Rabon gado ba shi ne laifi ba. Da dukiyar tana cikin kamfani mai takardu, da hannun jari za a raba, kowane magaji ya riƙe kasonsa, kamfanin ya ci gaba da aiki. Amma ba wanda zai zuba kuɗinsa a inda ba a nuna masa lissafi, kuma banki ba ya ba da bashin shekara goma a kan «ai kowa ya san ni».

Yadda ya yi ya ci kasuwar kuwa, iyayenmu mata za su fi kowa ganewa. Farkon zuwan salula a Indiya, minti ɗaya yakan haura rufi 16, kuma har wanda anka kira sai ya biya. Abin masu kuɗi ne. Mittal ya lura cewa masu kuɗi kaɗan ne, talakawa kuwa ba su ƙidayuwa. Hajiya mai tebur ba ta jiran mai sayen buhun sukari, ƙullawa take yi na dala biyar, na dala goma, ta auna mai a cokali, ta yanka sabulu gida huɗu. Ribar kowane ƙulli ba ta taka kara ta karya ba, amma kafin magariba tebur ya ƙare. Haka Airtel ya yi da minti: katin ƴan kuɗi kaɗan, a kowane lungu, wajen mai shayi da mai kanti. Farashi ya yi ta sauka har minti ya koma ƙasa da rufi ɗaya, a 2009 masu layinsa a Indiya sunka kai miliyan 100.

Sai dai mai sayar da arha dole ya rage abin da yake kashewa, in ba haka ba ya ci uwar kuɗi. A 2004 Mittal ya yi abin da masu sana'ar sunka ɗauka hauka ne. Ya miƙa wa Ericsson da Nokia aikin kafa rezo da kula da shi, yana biyansu gwargwadon abin da anka yi amfani da shi, ya miƙa wa IBM duk aikin kwamfuta na shekara goma. A 2007 ma ya haɗa kai da abokan hamayyarsa, Vodafone da Idea, sunka kafa kamfani ɗaya mai riƙe da dogayen ƙarafan rezo, kowa ya rataya na'urarsa a kan ƙarfe guda maimakon kowa ya kafa nasa. Kamar a ce manyan masu albasa uku na Galmi, waɗanda ba sa ga maciji a kasuwa, su gina rumbu ɗaya su raba kuɗin mai gadi. Shi dai ya riƙe abu biyu, sunan kamfani da masu saye.

Yanzu bari mu faɗi abin da masu yabonsa ba sa son faɗa, don kada wani ya ɗauki labarin nan ya je yana zagin ɗansa cewa ga wane ya fara da keke. Mittal ba ɗan talaka ba ne. Mahaifinsa, Sat Paul Mittal, ɗan majalisar dattawan Indiya ne na jam'iyyar Congress mai mulki, har ya rasu a 1992. Yaron da ubansa ke majalisa, ko bai nemi alfarma ba, ya san ƙofar da ake bugawa kuma ana sanin sunansa kafin ya zauna. Rufi 20,000 a 1976 ma ba kuɗin da kowane uba ke iya ba ɗansa ba ne. Ya yi karatu har jami'a. Sannan ƙasarsa tana da mutum sama da miliyar ɗaya, da bankuna, da injiniyoyi, da tashoshin jiragen ruwa. Mu muna da mutum miliyan ashirin da ƴan kai warwatse a kan murabba'in kilomita 1,267,000, teku kuwa sai an yi tafiyar kilomita dubu. Duk wanda ya ce mana mu yi yadda ya yi daidai wa daida, bai san inda muke zaune ba.

Shi kansa Mittal sai da Afirka ta koya masa wannan karatu. Sau biyu, a 2008 da 2009, ya nemi haɗewa da MTN ta Afirka ta Kudu, abin bai yiwu ba. A watan Yuni 2010 ya sayi harkokin Zain a ƙasashen Afirka 15 a kan dala miliyar 10.7. Dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta tamma biyar ba, kuɗin da ya haura sefa miliyar 5,000 a canjin lokacin, kuma mafi yawansa bashi ne. Ta haka ne layin da munka fara sani da Celtel, kamfanin da Mo Ibrahim ɗan Sudan ya kafa, wanda ya koma Zain a 2008, ya wayi gari ja a ƙarshen 2010. Mittal ya zo da tunanin cewa dabarar Indiya za ta yi aiki nan take: a karya farashi, mutane su yi ta magana, riba ta biyo baya. Sai ya tarar ƙarfen rezo ɗaya da ke ɗaukar dubban mutane a Indiya, a nan ƙauyuka ƴan kaɗan yake ɗauka, kuma da gazuwal yake kwana don ba wuta. Ya tarar da gwamnati goma sha biyar, kowace da harajinta da duwan ɗinta, ga naira tana faɗuwa tana cinye riba. Burin da ya sa wa kansa na samun mutum miliyan 100 a Afirka kafin 2013 bai cika a kan lokaci ba, kamfanin ya yi shekaru yana asara, a 2016 ya sayar wa Orange rassansa na Burkina da Saliyo. A 2017 ya amsa a bainar jama'a cewa an yi gaggawa wajen shigowa Afirka. Sai daga baya abin ya miƙe, har a 2019 anka sa Airtel Africa a kasuwar hannun jari ta Landan da ta Legas.

A gida ma bai huta ba. A 2016 Mukesh Ambani, wanda ya fi shi kuɗi, ya fito da Jio yana ba da kira kyauta, wato anka yi masa abin da ya yi wa wasu. Kamfanoni da dama sunka mutu ko sunka haɗe, a 2019 kotun ƙolin Indiya ta ɗora wa kamfanonin tarho wani tsohon bashin gwamnati mai nauyi. Airtel ya yi tangaɗi amma bai faɗi ba. A 2024 kuma rukunin Bharti ya sayi kashi 24.5 cikin ɗari na British Telecom, kamfanin nan da ya taɓa zuba masa jari yana ƙarami.

To, mu ina namu a ciki? Ba muna cewa wani Alhaji ya tashi ya kafa rezon salula ba, wannan jirgi ya riga ya wuce. Amma ba gaskiya ba ne a ce ɗan ƙasar nan ba ya iya kafa abin da zai tsaya da ƙafarsa gaban baƙi. Ku dubi aika kuɗi. Kamfanonin tarho sun zo da nasu tsarin, duk da haka in Hajiya za ta aika wa ɗanta kuɗi Agadas ko ta biya mai kaya a Yamai, sunayen da ke fara zuwa bakinta su ne Nita, Al Izza, Amana, kuma ƴan ƙasa ne sunka kafa su. Sun san mutanensu, sun buɗe ƙofa a inda banki bai taɓa zuwa ba. Abin da ya yiwu a kan kuɗi, me zai hana shi yiwuwa a kan abin da ƙasarmu ke fitarwa?

Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har Turai, amma yawancinta ɗanya take fita, a jeme ta a wani wuri, a ɗinka jaka a sa mata sunan wata ƙasa. Ayarmu tana zuwa har Sifen, can ake markaɗa ta a yi abin sha a zuba a kwalba. Albasar Galmi tana cika kasuwannin Akara da Abijan, amma lokacin kaka farashi yakan faɗi warwas, wadda ba a sayar ba ta ruɓe don ba wurin ajiya na kirki. Riɗi, wake, gyaɗa, duk labarin ɗaya ne: mu mu noma, mu auna, mu loda, wani ya sarrafa ya ci ribar mai tsoka. Kuma ranar da anka rufe iyaka, ɗanyen kaya shi ne farkon lalacewa.

Abin mamaki, waɗanda sunka riga sunka tsallaka zuwa gefen da Mittal ya koma suna nan cikinmu, sai dai ba a kiransu taron ƴan kasuwa. Su ne matan nan masu sayen tiya biyar ta gyaɗa su soya, su kai inji, su tatse mai, su toya ƙuli-ƙuli. Su ne masu awara, masu taliyar murji, masu daddawa, masu garin yaji, masu sabulu, masu tukuɗi da cuku. Hajarsu ba ta jiran jirgin ruwa, masu sayenta suna nan bakin ƙofa. Abin da ya hana su girma sananne ne: jarinsu bai wuce na adashi ba, ƙarfinsu na damtse ne, kuma in kaka ta wuce gyaɗa ta yi tsada ba su da abin da za su saya su ajiye. Alhaji kuwa yana da kuɗi, yana da mangaza, yana da mota, ya san hanyar Kano da ta Yamai, amma bai taɓa ɗaukar ƙuli-ƙuli a matsayin sana'ar da za a zuba wa jari ba, don a ganinsa aikin mata ne.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce wuta ba ta tsayawa, a 2023 ma Najeriya ta yanke wadda take ba mu har tsawon watanni. Za a ce man waje ya fi arha, masu haraji kuma sun fi ganin mai inji da ke zaune wuri ɗaya a kan mai kaya da ke yawo. Za a ce kuɗin tiranzi wata biyu yake juyawa, na masana'anta sai an yi shekaru. Duk haka ne, kuma a nan hukuma da majalisar ƴan kasuwa suna da aiki a gabansu: in za a hana shigo da wani abu ko fitar da shi, a sanar da wuri, a kuma faɗa wa mutane abin da anka tanadar wa wanda zai sarrafa shi a gida, na wuta da na haraji. Amma ba sai an jira su za a fara ba. Kuɗin kamyo ɗaya na shinkafar waje ya isa a sayi injin tatsar mai, a cika ɗaki da gyaɗa lokacin kaka, a ɗauki ƙungiyar mata guda da ta riga ta iya aikin. Sharaɗin da muke ganin bai kamata a sassauta ba shi ne a rubuta takarda gaban shaidu, a faɗi kason Alhaji, a faɗi kason matan, a samu yaro ko yarinya mai ilimin lissafi ta riƙe littafi, kuma kowane ƙarshen wata a buɗe shi kowa ya gani.